Zaɓen Mai Ɗaukar Bidiyon Biki

Duk wanda ya zauna a ƙasar Hausa, ko da na 'yan watanni ne, lalle ya taɓa halartar bikin aure, ko kuwa ya jiwo kiɗinsa daga nesa. A zamanin yanzu in ka shiga gidan biki, ban da maroƙa da makaɗa da masu rabon goro, za ka ga wani mutum yana ta kai da kawowa da na'ura a hannu, ba ya zama, ba ya ci, ba ya hira da kowa. Wannan shi ne mai ɗaukar bidiyo. Ga mai kallo aikinsa ba wuya, amma kuskurensa ba shi da gyara. In tela ya ɓata riga, sai a ɗinka wata. In mai girki ta cika gishiri, sai a sāke ɗora tukunya. Amma ba a ɗaura aure sau biyu don mai bidiyo ya manta da batir a gida. Saboda haka masu hankali ba su barin zaɓensa sai rana ta ƙarato. A nan za mu bayyana muku asalin wannan sana'a, da abin da a ke dubawa kafin a ba mutum aikin.

Asalin sana'ar

A zamanin da, labarin biki a baki ya ke. Wadda ta je ita ce za ta ba wadda ba ta je ba labarin lefe da gara da irin zannuwan da aka ɗaura. Hoto mai motsi kuwa, Hausawa sun fara saba da shi ne a zamanin Turawa, sa'ad da motar gwamnati ta kan zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a fili da dare, a nuna wa jama'a al'amuran tsabta da na noma. Wannan shi a ke kira majigi. Daga baya aka buɗe gidan talabijin a Ibadan cikin 1959, na Kaduna kuma cikin 1962. Amma duk waɗannan kayan hukuma ne, talaka sai dai kallo.

Abin da ya sauya al'amari shi ne kaset. Cikin 1976 kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fito da kaset irin wanda a ke kira VHS, da akwatin nuna shi a gida. Cikin shekarun 1980 waɗannan na'urori suka yaɗu a biranen Arewa. Da fari masu kuɗi ne kaɗai su ke sa a ɗauki bikin 'ya'yansu, sannu a hankali kowa ya bi. Cikin 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda a ke lissafa shi a matsayin fim ɗin bidiyo na farko da Hausa. Sana'ar fim ta bunƙasa, samari da yawa suka koyi riƙon kyamara da tace hoto, waɗansunsu kuwa suka riƙa haɗawa da aikin biki. Bayan kaset aka koma faifai, bayan faifai aka koma filashi da wayar hannu. Cikin 2016 kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe mai ƙera akwatin kaset, ya daina.

Akwai kuma wani dalili da ya sa bidiyon biki ya sami daraja. Hausawa matafiya ne tun fil azal. Da wuya ka sami babban gida a Kano ko Katsina ko Damagaram wanda ba shi da ɗan'uwa a zangon Kumasi, ko Nima ta Ankara, ko Yawunde, ko Njamena, ko Sudan, ko Makka da Jidda, yanzu kuma har Landan da biranen Amurka. Ba dukansu ke iya zuwa biki ba, amma sun aiko da gudummawa, suna kuma so su ga abin da aka yi. A zamanin kaset abin da wahala, gama tsarin talabijin na Nijeriya da Gana da Ingila iri ɗaya ne, na Amurka kuwa dabam, don haka kaset ɗin da aka ɗauka a Kano ba ya nunawa a akwatin Amurka sai an juya shi. Yanzu wannan wahala ta kau, ana aikawa ta intanet.

Abin da a ke ɗauka

Bikin Hausawa ba yini ɗaya ba ne, kowane sashe kuma da irin bukatarsa. Al'adu sun bambanta daga gari zuwa gari, amma ga waɗanda aka fi sani.

Akwai kamu da sa lalle, waɗannan sha'anin mata ne. A wajen kamu dangin ango mata su kan zo neman amarya, ƙawayenta su ɓoye ta, sai an biya su tukuna su fito da ita, a fesa mata turare. Wurin ya kan cika da guɗa da raha da turereniya.

Sa'an nan ɗaurin aure, wanda shi ne gundarin al'amarin. Maza ke taruwa a masallaci ko a ƙofar gidan iyayen amarya. Wakilin ango ya nemi aure, waliyyin amarya ya bayar, a faɗi sadaki a gaban shaidu, liman ya yi addu'a, a shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da jama'a, a raba goro da alawa. Duk wannan ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Wanda ya makara kaɗan sai ya tarar ana musafaha ana watsewa. A nan magana ta fi hoto muhimmanci, gama abin da a ke so a adana shi ne "na nema" da "na bayar".

Bayan haka akwai walima, da yinin biki inda mata ke taruwa a ci a sha a yi kiɗa. Waɗansu su kan ƙara da liyafar dare a ɗakin taro, wadda a ke kira dina. Daga ƙarshe sai kai amarya. Yawanci da dare a ke yi. A kai ta wurin iyayenta su yi mata faɗa, watau nasiha, ta yi kuka, a lulluɓe ta a sa a mota. Wannan wuri shi ne ya fi taɓa zuciya, shi ne kuma ya fi wuyar ɗauka, saboda duhu da ƙuncin ɗaki.

To, tun kafin a nemi mai bidiyo, ya kamata gidajen biyu su zauna su daidaita a kan wane sashe za a ɗauka, wane ne ba za a ɗauka ba, wa zai biya. In ba a yi haka ba, sai ka ga gidan ango sun kawo nasu, gidan amarya sun kawo nasu, ana ture juna a gaban liman.

Yadda a ke gane gwani

Abu na farko shi ne cigiya. A tambayi waɗanda suka yi biki kwanan baya. Ba a tsayawa a kan "ya iya?" kawai, a kan tambaya ko ya zo a kan lokaci, ko ya ƙara kuɗi daga baya, ko ya kawo aikin ranar da ya faɗa.

Na biyu, a ga aikinsa da ido. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Amma a yi hattara, yawancinsu su kan nuna ɗan gajeren yanki na minti biyu ko uku, wanda aka tsince wuraren da suka fi kyau aka ɗora musu waƙa. Wannan talla ce. A ce ya kawo biki guda cikakke, daga farko har ƙarshe. Sa'ad da a ke kallo a lura da abu huɗu: ko hoton yana rawa, ko fuskoki suna fitowa sosai a cikin ɗaki da dare, ko ana jin maganar liman da ta iyaye, ko kuma ya ɗauki tsofaffi. Akwai mai bidiyon da kyamararsa ba ta bin kowa sai 'yan mata masu kwalliya. Bayan shekara ashirin kuwa, fuskar da 'yan gida za su nema ita ce ta kaka wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Na uku, kayan aiki. Ba sai mai biki ya san sunayen na'urori ba, tambayoyi kaɗan sun isa. Kyamara nawa zai kawo? In ɗaya ce ta lalace, shi ke nan. Yana da batir na ajiya da fitilar kansa? Gama ana iya ɗauke wuta ana tsakiyar kai amarya. Yana da ƙaramin makirfo da zai ajiye kusa da liman? Makirfon da ke jikin kyamara ya kan kwashi ƙarar janareto da hayaniyar yara, ya bar maganar da a ke so. Akwai kuma kyamarori masu gurbin kati biyu, suna rubuta hoto a kan katunan biyu lokaci guda, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Wanda ya amsa waɗannan ba tare da inda-inda ba, ya san sana'arsa.

Na huɗu, ladabi da sanin al'ada. Wannan ba a sayensa a kasuwa. Gwani ya san a tuɓe takalmi a ƙofar masallaci, ba ya gitta gaban mai salla, ba ya tsallake ƙafafun manya, ba ya dallara wa dattijo fitila a ido, ba ya kuma ce wa waliyyi, "Maimaita, ban ɗauka ba." Tun da ya ke baƙo ne a gidan, yana da kyau a haɗa shi da wani ɗan gida wanda zai riƙa nuna masa, wannan ce gwaggon amarya, wancan ne kawun ango, waccan ita ce ta yi renonta. In aka ga dangin uwa sun cika bidiyo, dangin uba ba su fito ba, an sami abin gori na shekaru.

Na biyar, kuɗi. Farashi ya danganta ga gari, da yawan kwanaki, da yawan ma'aikata. A tambayi mutum biyu ko uku a gwada. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Amma tsada ita kaɗai ba shaidar gwaninta ba ce. Abin tsoro shi ne wanda ya karɓi biki uku a rana ɗaya, ya je ɗaya, ya tura yaransa 'yan koyo sauran biyun. Saboda haka a tambaye shi ƙarara, "Kai da kanka za ka zo?"

Ciniki

Ga misalin yadda magana ta kan gudana tsakanin kawun amarya da wani saurayi mai bidiyo. Ku lura da yadda kowa ke kiran ɗan'uwansa.

Mai bidiyo: Salamu alaikum. Barka da hutawa, Alhaji.

Kawu: Wa alaikumus salamu. Samari, sannu da zuwa. Ga tabarma.

Mai bidiyo: A'a, Baba, nan ma ya isa. An ce kana nemana.

Kawu: I, 'yarmu za mu aurar bayan Salla, in Allah ya kai mu. Na ga aikin da ka yi wa maƙwabcina, ba laifi. Kwana uku mu ke so: kamu, da ɗaurin aure, da kai amarya.

Mai bidiyo: Allah ya sanya alheri. Ba matsala, Baba.

Kawu: To, amma fa da sharaɗi. Cikin gida ba namijin da zai shiga.

Mai bidiyo: Akwai wata 'yar'uwarmu da mu ke aiki tare, ita za ta ɗauki wajen mata.

Kawu: Madalla. Sa'an nan ban yarda in ga 'yata a wayoyin mutane ba.

Mai bidiyo: In Allah ya yarda ba wanda zai gani sai wanda kuka ba.

Kawu: Yaushe za mu karɓa?

Mai bidiyo: Bayan mako uku da gama biki.

Kawu: To, ɗauko takarda mu rubuta. Ga rabi kafin alƙalami, sauran sai ka kawo aiki.

Wannan rubutu da kawu ya nema ba rashin yarda ba ne. Musulmi sun san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, watau aya ta 282 ta Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta ke magana. Abin da ya kamata a sa a takardar shi ne ranaku da wurare da lokacin zuwa, da sunan wanda zai riƙe kyamara, da jimlar kuɗi da abin da aka bayar, da ranar kawo aiki, da tsawonsa. A rubuta kuma ko za a ba masu biki ɗanyen hoton duka, watau wanda ba a tace ba, da abin da za a yi in an ɗaga biki. Ba a biyan kuɗi duka tun farko, gama wanda ya riga ya cinye ladansa ba ya sauri.

Amana

Wannan shi ne babban al'amari, ya fi kyan hoto nauyi. A gidajen Hausawa da yawa akwai iyaka tsakanin wajen maza da na mata. A yinin biki mata su kan saki jiki tsakaninsu, su ajiye mayafi, su yi rawa, domin sun san ba baƙon ido. A zamanin kaset, in an ɗauka, abin ya kan tsaya a ɗakin amarya. Yanzu kuwa da taɓa waya sau ɗaya sai hoto ya kai inda mai shi bai taɓa zuwa ba. Matar aure tana iya shiga rigima da mijinta saboda rawar minti ɗaya da ta yi a bikin ƙanwarta. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, watau in ka zaro ta ba ta komawa. Hoto ma haka ya ke.

Domin wannan ne waɗansu gidaje ke neman mace ta ɗauki wajen mata, su kuma tambaya wa zai tace, gama ba amfani mace ta ɗauka sa'an nan a baza a gaban samarin shago. Yana da kyau a sanar da mata cewa ana ɗauka, wadda ba ta so ta kauce ko ta gyara lulluɓi. Masu wannan sana'a suna son sa aikinsu a Instagram da TikTok don neman ciniki. Ba laifi ba ne in an ba su izini, amma izinin na ango da amarya da iyayensu ne, a faɗe shi tun farko.

Akwai kuma abin da ya shafi doka. Liƙi, watau manna wa mai rawa ko makaɗi takardun kuɗi, sananniyar al'ada ce a wajen biki. Amma dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa naira da taka ta a wajen shagali, hukuncin kuwa ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyu. Mutane sun daɗe ba su kula ba, sai cikin 2024 wata kotu a Legas ta ɗaure wani sananne wata shida a kan wannan laifi, bayan bidiyonsa ya bazu. Ashe kyamarar da ka biya tana iya zama shaida a kanka ko a kan baƙonka. Haka kuma ɗan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da a ke tayarwa don ɗaukar taro daga sama. Cikin 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijeriya ta sanar cewa ba a tayar da shi sai da izini. Ban da doka ma, yana leƙa tsakar gidan maƙwabta, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da a ke kulle.

Bayan biki

In aiki ya zo, a zauna a kalle shi duka kafin a cika kuɗi. A duba rubutun sunaye, a duba ko an bar wani sashe. A ce kada mai bidiyo ya goge nasa kwafin sai masu biki sun tabbata nasu yana aiki. Sa'an nan kada a dogara ga wuri ɗaya, gama filashi ya kan ɓace, waya ta kan faɗa ruwa, faifai ya kan karce. A ajiye kwafi biyu ko uku a gidaje dabam dabam. Wanda a ke turawa ta WhatsApp yawanci an matse shi, kyansa ya ragu, ya isa kallon 'yan'uwa na nesa, amma ba shi ne na ajiya ba. Wanda kuma ke da kaset ɗin bikin iyayensa a ƙasan akwati, ya hanzarta ya kai a juye masa, gama zaren kaset yana lalacewa da zafi da laima, akwatunan nuna shi kuwa sai ƙara wuyar samu su ke yi.

Kalmomin sana'ar

Ku ɗalibai za ku lura cewa yawancin sunayen kayan aro ne daga Turanci, an daidaita su da bakin Bahaushe: bidiyo, kyamara, kaset, batir, makirfo, janareto. Amma aikatau na Hausa ne tsantsa. Ɗauka da a ke yi wa kaya ita ce a ke yi wa hoto da murya. Tacewa asalinta aikin mata ne wajen koko da kamu, a raba gari da dusa, yanzu ta zama sunan aikin zaɓen hoto mai kyau a zubar da maras amfani. Juyewa daga zuba hatsi a wani buhu ta samo asali. Faifai kuwa, kafin ya zama na garmaho da na bidiyo, shi ne abin da a ke saƙawa da kaba ko ciyawa don rufe ƙwarya da bakace. Kafin alƙalami asalinsa ɗan abin da a ke ba malami kafin ya fara rubutu, yanzu ana faɗinsa ga kowane kuɗin da aka ba mai sana'a kafin ya soma aiki. Ku lura kuma kamu iri biyu ne a wannan darasi, akwai na amarya, akwai na kunu. Daga cikin zance a ke gane wanda a ke nufi.

In wata rana aka gayyace ku biki a ƙasar Hausa ko a wani zango, ku je, gama gayyata girmamawa ce. Amma kafin ku ɗaga waya ku ɗauki kowa, ku nemi izinin masu gida, musamman a wajen mata. In an ce a'a, ku mai da ita aljihu, ku karɓi goronku, ku ce, "Allah ya ba da zaman lafiya."